Adawiyya a Layin Likitan Mafitsara

Ciwon ya sake dawo wa Adawiyya a lokacin da ba ta da inda za ta ɓoye shi, wato bayan an sa ranar aurenta da Saminu.

Ta riga ta san yadda yake sallama. Mara ce za ta fara yin nauyi, sai fitsari ya riƙa matsa mata kamar zai zubo, in ta je ta tsuguna kuma ɗan ɗigo ne, shi ma da raɗaɗi kamar an barbaɗa barkono. Daga nan zazzaɓi ya biyo baya. Wannan karon ma da sabon baƙo ya zo, wani ciwo a kwiɓinta na dama da ke hana ta miƙewa sosai.

Inna Habi, mahaifiyarta, ta yi abin da ta saba. Ta dafa bagaruwa ta ce ta shiga, ta jiƙa mata sassaƙe, ta sayo ƙwayoyin nan masu ja da rawaya a wurin mai tallan magani na bakin titi. Sannan ta rufe ƙofa ta ja mata kunne.

"Ke 'yar nan, budurwa ce ke. Ciwon da ke ƙasan cibiya ba a kai shi gaban mutane. Ki daure a ɗaura, in kin shiga ɗakinki kya yi ciwonki a tsanake."

Ni dai ban ga laifin Inna Habi sosai ba, don ta san da wuyar da aka samo auren nan. Gidan Alhaji Mika'ilu, mahaifin Saminu, gida ne da ba ya gajiya da ba da labarin yadda kakansu ya shigo Wagadugu da jakunan goro tun ba a san mota ba. Duk wanda ya zo daga Nijar bayan nan, ko ya yi furfura a Zango, baƙo ne a wurinsu. Uban Adawiyya kuwa direban babbar mota ne daga Madawa, ya rasu a kan hanyar Yamai, ya bar musu ɗakin haya da teburin atamfa. Ga kuma Gwaggo Shatu, ƙanwar Alhajin, da ta ajiye wa Saminu 'yarta Ilham tun suna yara, kamar yadda ake rufe wa maigida tuwo.

Saminu ya yi naci, ya daina cin abincin gidansu, ya rame, har Alhaji ya ce to da rabin baki. Auren da aka yarda da shi da rabin baki kuwa ƙiris yake jira.

Abin da babu wanda ya taɓa tambaya shi ne daga ina ciwon ya samo asali.

Bayan gobarar babbar kasuwar Rood Woko 'yan atamfa sun watsu cikin gari, kowa ya nemi inda zai kafa rumfa. Su Adawiyya suka samu wuri a wata 'yar kasuwa wajen unguwar Larlé, kuma cikin ikon Allah teburinsu ya faɗo daidai gaban shagon Alhaji Mika'ilu. Ban-ɗaki ɗaya ne a kasuwar, yana bayan shagon nan, hanyarsa kuma ta gefen tabarmar da Alhaji yake zama da abokansa ta bi.

To, wace 'ya mai tarbiyya ce za ta ɗauki buta ta ratsa ta gaban surukinta, kowa ya san inda za ta?

Sai ta daina zuwa. Don kada fitsarin ya matsa mata, ruwan ma ta daina sha. Tun safe har faɗuwar rana tana zaune cikin zafin Wagadugu, leɓɓanta a bushe, mara a cike, tana auna wa mata yadi tana murmushi. Alwalar da ta fito da ita daga gida da ita take lallaɓawa har la'asar. Mutane kuwa sai yabo. Gwaggo Shatu da kanta ta taɓa cewa yarinyar dai ba ta da asali, amma ba ta da yawo, inda ka bar ta nan za ka same ta.

Ranar da ta ga jini a fitsarinta ne tsoro ya fi ƙarfin kunya. Ta tafi ƙaramin asibitin unguwa, wurin wata ma'aikaciyar jinya da ta saba ba ta magani a ɓoye. Matar ta dube ta, ta taɓa kwiɓin, Adawiyya ta yi tsalle. Ta ce mata ita kam ta gaji da ganinta, abin ya wuce hannunta, sai ta je babban asibiti wurin likitan da aikinsa ke nan, likitan mafitsara da ƙoda. Ranar Alhamis yake ganin mutane.

Inna Habi ta ce ba da yawunta ba. Ta yi kuka, ta tuna mata marigayi, ta ce wurin nan na tsofaffin maza ne da 'yan bariki masu ɗauko cuta, in aka gan ta can shi ke nan sun kaɗe.

Adawiyya ba ta taɓa tsallake maganar uwarta ba. Amma safiyar Alhamis ta ari moto, wato babur, a wurin Madina maƙwabciyarsu, ta ja gyale har goshi, ta kama hanya tana jin kowane rami a cikin bayanta.

Inna ba ta yi ƙarya ba. Dogon benci ne, daga wannan kai zuwa wancan duk maza, yawancinsu sun haifi ubanta. Ta raɓe a ƙarshe, kanta a ƙasa. Tana jin idanuwa suna yawo a kan gyalenta, ta yi ta fatan ƙasa ta tsage.

Likitan bai yi mata kallon da take tsoro ba. Ya tambaye ta yaushe abin ya fara, me da me ta sha, sannan ya tambaye ta sau nawa take fitsari a yini. Da ta faɗa masa, ya ajiye biro ya dube ta. Ta yi masa bayanin tabarmar Alhaji da Faransancinta na kasuwa, tana jin yadda maganar take zama wauta tun kafin ta gama fitowa daga bakinta.

Bai yi dariya ba. Ya ce riƙon fitsari da ƙishirwa su suka buɗe wa ciwon ƙofa, ƙwayoyin bakin titi kuma suka koya masa taurin kai, yanzu ga shi ya fara hawa sama. Za a gwada fitsarin a gano maganin da cutar take ji, za a kuma haska cikin a duba ƙodar. Ya ce ta riƙa dawowa duk Alhamis har sai ya sallame ta da bakinsa.

"In kika yi wasa, ƙodarki ce za ta biya," in ji shi. "Miji ana sake samu."

Ta fito da wani sanyi a ranta. Tun da ciwon ya fara, yau ne aka kira shi ciwo, ba abin kunya ba.

Ba ta yi taku da yawa ba ta ji wani ma'aikaci ya ɗaga murya yana kiran suna, yana tambayar ko an zubar da jakar tun safe. Sunan ne ya tsayar da ita. Ta ɗaga kai.

Alhaji Mika'ilu ne zaune a tsakiyar bencin. Babu rawani, babu carbin nan mai tsada, sai wata tsohuwar riga da hula a karkace. Wata siririyar roba ta fito daga ƙarƙashin rigar ta shiga leda baƙa da ya riƙe a kan cinyarsa. Mutumin da in ya yi gyaran murya kasuwa take nutsuwa, ga shi ya ƙanƙance kamar wanda aka wanke ya shige.

Idonsu ya haɗu.

Da Adawiyya irin 'yan matan nan ce da suka waye, da ta ja gyalenta ta wuce kamar ba ta gan shi ba, shi ma ya yi kamar bai gan ta ba, kowa ya koma gida da asirinsa. Amma ba haka Inna Habi ta raine ta ba. Kafin kanta ya yi tunani gwiwoyinta sun kai ƙasa, a gaban bencin nan duka.

"Baba, ina kwana."

Wani tsoho da ke gefensa ya washe baki, ya tambaye shi da yaren Mosi ko 'yarsa ce, ya ce lallai ya yi sa'a, shi nasa 'ya'yan ko rako shi ba su yi ba. Alhaji ya yi sauri zai ja riga ya rufe ledar, sai ta suɓuce ta faɗi a gaban gwiwoyin Adawiyya. Jakar da ke ciki ta leƙo, rabinta fitsari.

Ta kai hannu za ta ɗauko masa. Ya fizge.

"Ban san ta ba," ya ce. Da Hausa ya faɗa, don ita yake so ta ji.

Ba a yi sallar Juma'a ba sai da Gwaggo Shatu ta iso gidansu. Ba ta karɓi ruwa ba, tabarmar ma a bakin-baki ta zauna. Ta ce ita ba ta zo da faɗa ba, tambaya ce kawai. An ga 'yar Habi a layin likitan maza, wurin da masu cutar bariki suke zuwa. Wani mutumin kirki ne ya gan ta, ya gaya wa Alhaji. Ta ce dama ita tana lura da yadda yarinyar take ramewa, ga yawan zazzaɓi, ga kuma abin da ya shigo duniya yanzu. Ba ta kira sunan sida ba, ƙanjamau ke nan, ta bar shi ya kira kansa. Ta ƙara da cewa ai 'ya'yan direbobi sai addu'a.

Inna Habi ta yi ta ba da haƙuri a kan laifin da ba a yi ba.

Bayan ta tafi ne Adawiyya ta gaya wa uwarta wane ne mutumin kirkin. Inna ta toshe mata baki da tafin hannu, tana waige-waige kamar bango zai kai rahoto.

"Kada in ƙara ji. Wa zai yarda da ke a kan Alhaji? Ko an yarda ma, ke ce kika tona tsiraicin dattijo. Ki rufa masa asiri, Allah ya rufa naki."

"Shi ya rufa nawa, Inna?"

Inna Habi sai ta koma kuka.

Saminu bai zo ba sai ranar Lahadi bayan la'asar. Ya jingine motonsa a gindin dalbejiyar ƙofar gida, bai cire hannu daga kan moton ba, kamar mai shirin gudu. Idonsa sun yi ja. Adawiyya ta fito tana dafa bango, ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"Gaskiya ne kin je?"

"Gaskiya ne, Yaya Saminu."

"Kuma ni ne na ƙarshen ji. Zango duka ta sani, ni da zan aure ki a bakin Gwaggo na ji." Ya ɗago ya dube ta. "Adawiyya, don girman Allah, akwai wani ne? Ki faɗa mini, na fi son in ji daga bakinki."

Ta yi zaton ta shirya wa komai, ashe ba ta shirya wa wannan ba. Hawayen da ta riƙe tun Alhamis suka ɓalle.

Ta faɗa masa duka. Abin da ba ta taɓa zaton za ta iya furtawa a gaban namiji ba, ta furta shi. Ta ba shi labarin ban-ɗakin kasuwa da tabarmar mahaifinsa, da yinin ƙishirwa, da yadda take komawa gida da gudu. Ta ce analis ɗin ma, sakamakon gwajin fitsarin, yana nan zuwa, ya je da kansa ya tambayi likitan in yana shakka.

"Kunyar Baba ce ta sa mini ciwon nan," ta ce. "Ban taɓa sanin wani namiji ba. Ruwa kawai na ƙi sha don kada gidanku su ce ba ni da tarbiyya."

Saminu ya saki moton ya tsuguna a gabanta. Ya yi kuka sosai, irin na mutumin da aka sauke wa kaya. Ya ce ta yi masa pardon, ta yafe masa, shi dama zuciyarsa ba ta yarda ba. Ya ce tun shekaranjiya yake durƙushe a gaban Alhaji, har ya samu ya sauko.

Sai da ya share fuska sannan ya kawo sauran maganar, yana murna kamar ya kawo tsaraba.

"Alhaji ya ce ba zai fasa ba. Sharaɗi ɗaya ne kawai, kuma mai sauƙi. Kada ki ƙara taka asibitin nan. Ya ce in aka daina ganinki can, maganar za ta mutu da kanta. Bayan biki ni da kaina zan kai ki asibitin garin Bobo, inda ba wanda ya san mu."

"Bikin sai bayan Babbar Salla."

"Ai kamar gobe ne."

"Lokotoro, likitan nan, ya ce ciwon ya fara hawa ƙoda. Ina da randebu ranar Alhamis, ya ce in koma."

"Ki daure, Ada. Kin daure a baya."

Ta dube shi. Saminu ne, wanda ya rame saboda ita, wanda ya tsaya a gaban danginsa duka. Son da take masa yana nan bai rage ko kaɗan ba, shi ne ma abin da ya fi ci mata rai. Kowa a rayuwarta yana sonta, kuma kowa abu ɗaya yake roƙonta, ta daure.

Ta tambaye shi ko ya san wanda ya gan ta. Ya ce Alhaji bai faɗa ba, shi kuma ba ya iya tambaya, amma in ya gano ɗan gulmar nan sai sun yi ta.

Sunan yana kan harshenta. Kalma ɗaya ce, ta wanke kanta a Zango duka. Sai ta tuna ledar nan a ƙasa. Ta tsane shi, amma ta san irin tsoron da ke cikin idonsa, don da shi ta kwana ta tashi shekara guda. Ta haɗiye.

"To ka kai ni da kanka," ta ce. "Ranar Alhamis ka ɗauke ni a motonka, mu zauna a layin tare. In mijin da zan aura yana gefena, wa zai ce wani abu?"

Saminu ya sosa ƙeya.

"Alhamis ba zai yiwu ba. Kin san tun azumi Alhaji ya ɗora mini zuwa garin Pouytenga ɗauko kaya duk Alhamis. Ko na ce a bari sai Juma'a ba ya yarda."

Wata dariya ta kuɓuce mata, marar daɗin ji, ta tsaya mata a kwiɓi har sai da ta dafe wurin. Ashe dattijon ɗansa ma kora shi yake daga gari don ya samu ya je ya zauna a bencin nan shi kaɗai. Ita ce kawai ta rage masa a hanya. Ba mutuncin gidansu yake karewa ba, layin yake so ta bar masa, ko da ƙodarta ce kuɗin.

"Me ya ba ki dariya?"

"Ba komai."

"To me zan ce wa Alhaji? Yana jirana. Ki ce kin yarda, Ada, don Allah. Kada ki sa wahalar da muka sha ta tashi a banza."

Daga cikin gida tana jin motsin Inna a bayan labule, ta san abin da take roƙon Allah ta faɗa. Ta goge fuskarta da bakin gyale. Muryarta ta fito a hankali, da ladabi, yadda aka koya mata.

"Ka ce masa zan je ranar Alhamis, da wadda ke bayanta, har sai an sallame ni."

Saminu ya miƙe a hankali.

"Sannan ka gaishe min da shi. Ka ce ina yi masa sannu da jiki, Allah ya ba shi lafiya."

"Wane jiki? Alhaji lafiyarsa lau."

"Kai dai ka faɗa masa haka."

Ya tsaya yana kallonta, yana jiran ƙarin bayani. Ya ce wallahi bai gane ta ba yau, ya ce ita ce ta zaɓa, ya hau moto ya tafi bai waiwayo ba. Ta tsaya har ƙarar ta ɓace a kwanar masallaci, sannan ta zauna a kan dakali.

Saminu yaro ne mai biyayya, duk saƙon da aka ba shi yana isarwa yadda aka faɗa.

Washegari da hantsi Gwaggo Shatu ta yi sallama da mata biyu a bayanta. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce Alhaji ne ya aiko su su karɓe kayan sa-ranar da suka kawo, an fasa.